Muryar mawaƙi, jarin da mai shi bai taɓa gani ba

A watan Oktoban 2011 mawaƙiyar nan ta Ingila, Adele, ta soke wasannin da ta shirya yi a Amurka, alhali tikiti ya riga ya ƙare. Shekarunta 23 a lokacin, kuma a shekarar babu wanda faifansa ya kai nata ciniki a duniya. Abin da ya tsayar da ita wata 'yar jijiyar jini ce, siririya kamar zare, da ta fashe a cikin maƙogwaronta. A farkon Nuwamba aka kwantar da ita a asibitin Massachusetts General da ke Boston, inda Dakta Steven Zeitels ya cire mata wani ɗan tsiro mai tsatsar jini, ya kuma toshe jijiyoyin da hasken leza. Ta yi makonni ba ta cewa uffan. Ranar 12 ga Fabrairun 2012 ta hau dandamalin bikin Grammy, babban bikin ba mawaƙa kyaututtuka a Amurka, ta rera waƙa, ta kwashe kyaututtuka shida, ta kuma gode wa likitocin da suka dawo mata da muryarta.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce wuƙar likita ta gama komai. Shekara biyar da 'yan watanni bayan nan, a ƙarshen Yunin 2017, ta yi dare biyu a filin Wembley na Landan, kowane dare a gaban mutum sama da dubu 90, sannan ta soke dare biyun da suka rage, waɗanda su ne za su rufe zagayen wasanni 123. Murya ta sake samun rauni. A saƙon ban haƙurin da ta fitar, da kanta ta faɗa cewa ta riga ta kai maƙura wajen shan magungunan sace kumburi, amma abin ya ƙi.

Wannan mace tana da kuɗin ganin kowane likita a duniya, amma ciwo ya same ta har sau biyu. To ina ga mawaƙin da zai yi kamu a Kano ranar Alhamis, ya yi dina a Kaduna ranar Juma'a, ya kwana a hanya ya wayi gari a taron siyasa a Gusau, kuma duk abin da ya tanadar wa maƙoshinsa kwalbar zuma ce da garin citta?

Sai an fahimci abin da ke cikin maƙogwaro sannan za a gane dalilin da ya sa zumar ba ta isa. A bayan zakaran wuya, a daidai ƙofar da iska ke bi ta sauka huhu, akwai wasu 'yan leɓɓa guda biyu. Turawa igiyoyi suke ce musu, amma sun fi kama da leɓe, kuma a kwance suke, sun haɗe ta gaba sun ware ta baya kamar bakin almakashi. Na namiji baligi tsawonsu kan kama daga milimita 17 zuwa 25, na mace kuwa daga 12 da rabi zuwa 17 da rabi, wato dai kusan faɗin farcen babban yatsa. Idan mutum na numfashi a buɗe suke. Da ya yi niyyar magana sai su haɗu, iskar huhu ta tura su su buɗe, su sake rufewa, su sake buɗewa, da saurin da ido ba ya iya bi. Muryar namiji a hira ta yau da kullum kan kaɗa su sau 100 zuwa 130 a daƙiƙa ɗaya, ta mace sau 200 da ɗoriya. Mawaƙiyar da ta cilla murya can ƙololuwa tana iya haura sau dubu a daƙiƙa.

A yi lissafi. Sau 220 a daƙiƙa, sau 13,200 ke nan a minti ɗaya. Idan aka tara sa'a guda cur ta fitar da sauti, an doshi karo dubu 800. Ka ɗauka an ce ka tafa hannu sau dubu 800, ka ga yadda tafinka zai koma.

Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya san yadda ake hawa da sauka da murya. Idan ya matse kalangun a hammata, igiyoyin su ja tantanin ya ɗame, sai sauti ya yi sama. Ya saki, ya yi ƙasa. Haka tsokokin maƙogwaro ke yi wa leɓɓan nan, su miƙe su su sirance don siririyar murya, su sake su su yi kauri don babbar murya. Bambancin kawai shi ne mai kalangu idan tantaninsa ya fashe sai ya sa a ɗaura masa wani kafin la'asar.

Sirrin daɗin murya kuwa yana cikin wani abu da wani likitan Japan mai suna Minoru Hirano ya fayyace a shekarun 1970. Ya nuna cewa leɓen murya hawa-hawa ne. Can ciki tsoka ce, sai jijiya mai ɗan tauri, sai wani ɓargo mai taushi da santsi kamar farin ƙwai, sannan fata siririya ta lulluɓe duka. Wannan ɓargo mai taushi, wanda kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba, shi ke ba fatar sama damar yin lilo a kan tsokar kamar igiyar ruwa. Zaƙin murya, da iya jan ta a hankali ba tare da ta tsinke ba, da iya hawa sama cikin sauƙi, duk daga nan suke. Kuma abin takaici, idan ya lalace tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya lilo. Har yau ilimin likitanci bai samo abin da zai mayar da shi yadda Allah ya halitta shi ba.

Ga wani abu da ya kamata kowane mawaƙi ya riƙe. Abin da ka haɗiya ba ya taɓa leɓɓan muryarka. Akwai wani ɗan murfi da ke rufe ƙofar iska duk sanda aka haɗiyi abu, ya karkata shi zuwa hanyar abinci. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya isa wurin, ai ka san abin da ke biyowa baya: sarƙewa da tari har da hawaye. Saboda haka zuma da lemon tsami da kanumfari da masoro suna iya sanyaya bayan baki, su rage ƙaiƙayi, mutum ya ji daɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ba su wanke komai a inda sautin ke fita. Abin da ke isa can iri biyu ne: abin da aka shaƙa, kamar tururin sirace ko hayaƙin sigari da shisha ko ƙurar hunturu, da kuma abin da jini ya kai, kamar ruwan da aka sha sa'o'i kafin a hau dandamali. Wanda ya kwankwaɗi ruwa minti biyu kafin ya karɓi makirfo ya jiƙa bakinsa ne kawai.

Mu a wurinmu kalma ɗaya ce, murya ta dishe. A wurin likita dishewa alama ce kurum, kamar zazzaɓi, kuma abubuwan da ke ƙarƙashinta sun sha bamban da juna ƙwarai.

Mafi yawa kumburi ne na mura ko na kwana ana ihu, wanda kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu idan an huta. Sai kanta, irin wadda ke fitowa a hannun manomi, tana fitowa biyu-biyu a tsakiyar leɓɓan, daidai inda suka fi bugun juna. Ta fi kama mata da yara maza masu yawan ihu, kuma yawanci ba ta buƙatar wuƙa. Idan aka gyara yadda ake fitar da murya sai ta lafa. Akwai tsiro irin na Adele, wanda galibi gefe ɗaya yake fitowa, sau da yawa bayan jini ya taɓa taruwa a wurin. Akwai ƙullutu mai ruwa a ciki da ke binne a ƙarƙashin fata, shi kuwa da wuya ya tafi sai an cire. Akwai wani tsiron da ke fitowa can baya saboda gogayya da tsamin ciki, irin wanda ya hana mawaƙin Amurka John Mayer waƙa daga 2011. An yi masa aiki abin ya dawo a 2012, daga ƙarshe sai da aka yi masa allurar da ta sanyar da tsokokin wurin na wasu watanni don su daina bugun juna, sannan ya warke.

Fashewar jijiyar jini ita ce ta gaggawa. Alamarta a bayyane take: mutum na cikin waƙa, ko ya yi wani ihu, ko tari mai ƙarfi, nan take murya ta ɗauke ko ta canza, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Jini ne ya kwarara cikin ɓargon nan mai taushi, leɓen ya yi nauyi ya daina lilo. Maganin farko shiru ne ƙus na kwanaki, har jiki ya tsotse jinin. Wanda ya matsa ya ƙarasa wasan a haka, shi ke wayar gari da tsiro ko tabo.

A nan ne nake ganin muna da matsala tamu ta kanmu. Muryar da ta ɗauke farat ɗaya a tsakiyar fage, babu ciwo babu zazzaɓi, a daidai lokacin da tauraron mutum ke haskawa kuma abokan hamayya na kallo, wace fassara za a yi mata a garinmu? Kafin a kai mota wani daga cikin yaransa zai matso ya ce, “Maigida, wannan fa ba haka kawai ba, hannu aka sa maka.” Daga nan sai neman karya sammu, sai turare, wanda shi kansa hayaƙi ne ake ƙara tura wa wurin da ke da rauni. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma babu malamin kirki da zai ce ta hana. Abin da ake asara shi ne kwanakin farko, waɗanda a cikinsu shiru kaɗai zai iya warkar da ciwon. Wani kuma wajen wanzami za a kai shi a ce beli ne ya sauko, a yanke. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, kowa na iya ganinsa a madubi. Leɓɓan murya suna can ƙasa nesa da shi. An zubar da jini a inda babu laifi.

Sai kuma kemis. Akwai rukunin magungunan sace kumburi, irin su dezametazon da firedinisolon, da ake sayarwa kamar alewa. Gaskiya suna aiki, shi ya sa suke da haɗari. Mawaƙi ya tashi da murya a shaƙe, ya haɗiyi ƙwaya ko a yi masa allura, zuwa dare murya ta buɗe, ya yi wasa ya karɓi liƙi. Kumburin nan da aka sace shi ne jiki ke cewa a dakata. An kashe ƙararrawa, ɓarawo kuma yana cikin gida. Likitocin manyan mawaƙa su ma suna ba da irin wannan magani, amma sai sun leƙa sun tabbatar babu jini a kwance, kuma na ɗan lokaci. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2018, ta ce kada a riƙa ba mai dishewar murya waɗannan magunguna kafin a duba maƙogwaronsa, kada kuma a riƙa ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai. Asfirin da danginsa na ciwon jiki su ma suna da nasu: suna sa jini ya yi wuyar tsayawa, don haka mai rera waƙa da ƙarfi a kansu ya fi kusa da fashewar jijiya. Wasu magungunan mura kuma busar da maƙoshi suke yi.

Waɗannan ƙa'idoji sun kuma sa iyaka: dishewar da ta kai mako huɗu ba ta tafi ba, a leƙa a gani. Ga wanda murya ce abincinsa ba a jira haka. Ga mai shan taba, ko wanda ke tofar da jini, ko haɗiya ke masa wuya, ko numfashinsa ke ƙara, ko wani ƙullutu ya fito masa a wuya, ko yake ramewa, ba a jira ko kaɗan. Sankarar maƙogwaro da dishewar murya take fara sallama, kuma idan aka kama ta tun tana kan leɓen ana warkewa sosai. A ƙasashenmu akwai ƙarin wani abu: tarin tibi yana iya hawowa maƙogwaro ya dishe murya. Babu kunnen da ya isa ya bambance waɗannan da kanta ta hanyar sauraro, komai ƙwarewar mai shi. Gani ya kori ji.

Abin sha'awa, wanda ya shahara da fara ganin leɓɓan murya suna aiki a jikin mai rai ba likita ba ne. Malamin koyar da waƙa ne ɗan Sifen, Manuel García, wanda a 1854 ya sa ɗan madubin likitan haƙori a ƙarshen bakinsa, ya riƙe wani madubin a hannu yana haska hasken rana, ya ga nasa suna buɗewa suna rufewa. A 1855 aka gabatar da bayaninsa a gaban masana a Landan. Ya rayu shekara 101. Har yau ana amfani da ɗan madubin nan a asibitoci, sai dai an samu abin da ya fi shi: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci bayan an fesa maganin kashe zafi, ko sanda mai kyamara ta baki. Mintuna kaɗan ne, mutum na zaune a kujera idonsa biyu. Mafi inganci ga mawaƙi shi ne wanda ake haɗawa da fitila mai walƙiya daidai da bugun muryar, sai a ga leɓɓan kamar suna motsi a hankali. Da shi ake gane inda lilon ya tsaya, wato inda tabo ko ƙullutu ya ɓuya, abin da fitilar yau da kullum ba ta nunawa.

A Arewa akwai sassan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da take duba hanci da maƙogwaro ita ma. A Nijar babban asibitin ƙasa na Yamai yana da irin wannan sashe. Mawaƙin da ya je, ya buɗe baki ya faɗi sana'arsa tun farko. Likita na iya jin muryarsa ya ce ai lafiya lau take, domin magana tana fita, alhali shi abin da ya ɓace masa can sama ne, inda yake juya waƙa. Ya ce, “Likita, da murya nake ci da iyalina, ina so a leƙa a ga leɓɓan da kyamara.” Idan za a ba shi hoton ko bidiyon a waya, ya karɓa ya adana. Manyan mawaƙan waje ma sukan je a ɗauki hoton maƙogwaronsu tun suna lafiya, don ranar da ciwo ya zo a san abin da ya canza, saboda akwai waɗanda suka shekara ashirin suna waƙa da 'yar kanta, ita ce ma ke ba muryarsu irin amon da aka san su da shi. Likitan da bai sani ba sai ya cire ta da kyakkyawar niyya.

Wannan ya kawo mu ga wuƙa. A 1997 aka yi wa Julie Andrews, 'yar Ingila da ta shahara da murya mai faɗi da tsabta, aiki a wani asibiti a New York, bayan ta daɗe tana wasan dandamali dare bayan dare. An sa ran za ta koma waƙa cikin makonni. Muryar waƙarta ba ta sake dawowa ba. Ta kai ƙara a 1999, aka sasanta a 2000 ba tare da an bayyana adadin kuɗin ba. Daga baya shi Dakta Zeitels ɗin ya yi mata ayyuka da suka gyara mata muryar magana, amma ta waƙa ta tafi ke nan. Garin gyaran gira an rasa ido. Mawaƙin Ingila Elton John kuwa an yi masa nasa aikin a Sidni ta Ostireliya a Janairun 1987, ya ci gaba da waƙa shekaru da dama, sai dai muryarsa ta sauka ta yi kauri, kuma masu sauraronsa sun ji bambancin. Wani mawaƙin Ingilan, Sam Smith, ya bi sahun Adele zuwa Boston a 2015, ya dawo lafiya.

Abin da ya raba waɗannan labarai shi ne ko an tsira da ɓargon nan mai taushi ko ba a tsira da shi ba. Aikin zamani da madubin ƙara girma ake yinsa, da kayan aiki ƙanana ainun, a ɗaga fatar a zare ciwon a mayar da ita, kamar mai cire ƙaya daga ido. A ra'ayina duk mawaƙin da aka ce za a yi wa aiki a leɓen murya, in dai ba ana zargin sankara ko numfashi ya toshe ba, yana da haƙƙin ya tambayi likita sau nawa ya taɓa yin irinsa, da me zai yi, me zai faru idan aka jinkirta wata uku aka gwada hutu da horo, sannan ya nemi ra'ayin likita na biyu. Wannan ba raini ba ne. Haka nan idan wani aikin daban za a yi masa da za a sa shi barci, ya sanar da mai ba da maganin barcin, domin bututun numfashi tsakanin leɓɓan nan yake bi. Mai maƙoƙo da za a yi wa aiki ya fi kowa buƙatar wannan magana, saboda jijiyar da ke motsa leɓɓan a jikin maƙoƙon take wucewa.

To me ya mayar da Adele gidan jiya, bayan aiki ya yi kyau? Masana sun rabu. Wasu malaman murya sun ce laifin salon waƙar zamani ne, wanda ke son a ɗauko babbar murya ta ƙirji a haura da ita sama da ƙarfin tsiya, kuma muddin ba a canza salon ba, likita gyara kawai yake yi ana sake ɓarawa. Likitoci irin su Zeitels suna ganin yawan aikin ne, kamar ɗan ƙwallon da gwiwarsa ke gajiya komai iya wasansa. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya, kuma duka biyun suna nan a wurinmu.

Dubi tsarin mawaƙanmu na dauri. Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Barmani Choge duk da 'yan amshi suke waƙa. Ubangida ya jefa ɗiya, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su cike, shi kuma ya ja numfashi ya haɗiyi yawu. Ko da gangan aka tsara haka ko ba da gangan ba, hutu ne aka saƙa a cikin waƙar kanta, kuma yawancinsu a kusa da muryar maganarsu suke rerawa. Mawaƙin situdiyo na yau shi ne jagora, sau da yawa shi ne amshi, ya rera baiti ɗaya sau goma har sai mai haɗa sauti ya gamsu. Mata masu rera waƙoƙin fim su suka fi ban tausayi. Kunnenmu ya saba da siririyar murya irin ta finafinan Indiya, don haka ake ɗora musu kiɗa a sama da inda muryarsu ta zauna, su yi ta maƙale maƙoshi, daga wannan situdiyo zuwa wancan, ana biyansu waƙa-waƙa. Wadda ta ce a sauko mata da kiɗan tana tsoron gobe a kira wata. Na'urar gyaran murya ta kwamfuta kuma ta zo ta rufe asiri: murya na lalacewa, faifai na fita sumul, har sai ranar da abin ya fi ƙarfin na'ura.

Wajen biki ma ba waƙar ce kaɗai ke cin murya ba. Tun 1911 wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya lura cewa mutum na ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta kewaye shi. Janareta na ruri, lasifika na fuskantar jama'a, mawaƙi ba ya jin kansa, sai ya ƙara ƙarfi. Ya sauko kuma a yi ta gaisawa da hotuna da ihu a kunnen juna har tsakar dare. Daga nan a biya wajen mai tsire da mai shayi, a ci yaji da mai, a kwanta nan take. Tsamin ciki ya taso cikin barci ya ƙona bayan maƙogwaro, wani ma ba ya jin ƙwannafi ko kaɗan, sai dai ya tashi da murya a dishe da jin kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, ya yi ta gyaran murya, wanda shi ma buga leɓɓan ne da ƙarfi. Ƙaramar lasifika guda da za a juyo wa mawaƙi ya riƙa jin kansa ta fi masa kwalbar zuma goma amfani. Masu hawa dandamali su sa faifai su riƙa motsa baki kuwa, duk da ana yi musu tsiya, ta wannan fuskar dai sun huta.

Ba mawaƙan nanaye kaɗai abin ya shafa ba. Sha'irai a watan Maulidi suna kwana suna bege, gari bayan gari. Alarammomi masu jan baƙi a tafsiri suna karatu da rana da azumi a bakinsu, limamai su ja tarawihi da tahajjud da dare, ladanai da malaman makarantun da aji ɗaya ya haura ɗalibi ɗari su ma haka. Idan aka haɗa da hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙura ta cika gari kuma bukukuwa suka fi yawa, sai a ga cewa lokacin da aka fi neman murya shi ne lokacin da ta fi rauni. Mata kuma suna da ƙarin nasu: gab da al'ada leɓɓan kan ɗan kumbura, jijiyoyin jininsu su yi saurin fashewa, har a da wasu gidajen waƙa na Turai sukan ba mawaƙansu mata hutun waɗannan kwanaki.

Horon murya shi ne ɓangaren da muka fi rashi, domin masu wannan ƙwarewa kaɗan ne ƙwarai a asibitocinmu. Amma abubuwan da suke koyarwa ba na tsada ba ne. A ɗumama murya kafin a fara, da jan sautin “mmm” a hankali baki a rufe, ko kaɗa leɓe, ko rera sauti ta cikin siririn bututun shan lemo, wanda ke rage ƙarfin bugun leɓɓan da juna. A bar raɗa idan murya ta dishe, domin raɗar da ake matsawa tana wahalar da maƙogwaro. Gara a yi magana ƙasa-ƙasa ko a rubuta. Akwai kuma gwajin da mawaƙi zai iya yi wa kansa kowace safiya: ya rera wani ɗan baiti da siririyar murya can sama, a hankali ƙwarai kamar mai lallashin jariri. Idan sautin ya ƙi fita, ko ya yi jinkiri, ko iska ta riga shi, akwai kumburi, ko da babbar muryarsa na fita garau. Da ƙarfi ana iya danne kusan kowane rauni a yi waƙa. A hankali ne ba a iya ɓoye shi.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato iya cewa ba zan zo ba. Mawaƙin da ya karɓi kuɗin biki wata biyu da suka wuce, ya kashe, ga yara goma sha suna jiran sallama, ga ɗan siyasar da ba a ce masa a'a, ba shi da inshorar da za ta biya asarar wasan da ya soke, irin wadda manyan mawaƙan waje ke yi. Yana kuma tsoron a ji, domin da zarar an ce muryar wane ta tafi, masu gayya sai su juya wajen wani. Shi ya sa ake ɓoyewa, a yi ta allura a ɓoye, sai dai a wayi gari a ji wane ya koma harkar kasuwanci. Ƙungiyoyin mawaƙa da ke tara kuɗi idan ɗayansu ya kwanta ciwo za su iya yin abin da ya fi haka sauƙi: su ƙulla alaƙa da sashe ɗaya na asibitin koyarwa, a riƙa duba 'ya'yansu sau ɗaya a shekara kafin kakar biki. Ranar 16 ga Afrilu, wadda likitocin Brazil suka fara ware wa murya a 1999 kafin ta zama ta duniya, ta isa zama dalilin irin wannan haɗuwa.

Ita dai Adele tun bayan Wembley ba ta sake ɗaukar doguwar tafiya irin waccan ba. Da ta dawo a Nuwamban 2022, zama ta yi a Las Vegas, a zaure ɗaya mai cin mutum dubu huɗu da 'yan kai, dare biyu a mako, Juma'a da Asabar, sauran kwanakin tana gida. Ta yi wasa 100 a haka zuwa Nuwamban 2024. Ko a cikin wannan tsari, da rashin lafiya ta taɓa mata murya a farkon 2024, likitoci suka ce ta huta, sai ta ɗage wasannin watan Maris gaba ɗaya.